Awarwaron da Ya Biya Gidan Kurayyat

Ku da kuke tsayawa bayan gilashi yanzu da farar riga, ku ɗauko sarƙa ku ɗora a sikeli, lamba ta fito, ku goga kati, kuna cewa kun iya sana'ar zinariya. Ba ku iya ba. Miƙa kaya kuka iya. Ni shekara talatin da shida na yi a bayan shago, a ɗakin da ba shi da taga, ina narka ta, ina ja, ina liƙawa, kuma har na ajiye guduma ban gama saninta ba. Sunana Garba. Ban yi makaranta ba. Abin da hannuna ya taɓa shi kaɗai zan faɗa.

Aikin farko da aka ba ni shara ce. Na zo Hajji ina ɗan shekara ashirin da biyu, ban koma ba. Na yi dako a Bab Makka, cikin Jidda, wata takwas, har wani tsoho ya gan ni ina ɗaure kaya ya ce yatsuna sun fi ƙarfin dako. Usta Bello ke nan, Bahaushen Sudan, mai warsha, wato ɗakin ƙira, a wani lungu bayan masu yadi. Ya ba ni tsintsiya ya fita salla. Na share ɗakin fes, na kwashe ƙurar na watsa a titi. Da ya dawo ya dubi ƙasa, ya dube ni.

"Ina sharar?"

"Na zubar, Usta."

"Je ka kwaso."

"A titi take."

"Na ji. Je ka kwaso."

Na durƙusa a lungun nan da buroshi, mutane suna tsallake ni, har la'asar. A warsha ba a zubar da komai. Ƙurar ƙasa tana shiga ganga. Ruwan da muka wanke hannu ana barinsa ya kwanta, a tsiyaye na sama, a ajiye laka. Tsumman goge kaya, tsohuwar tabarma, rigar aikin da ta mutu, duk ganga. Sau ɗaya a shekara, kafin azumi, Usta zai ƙone su, ya tankaɗe tokar, ya zuba a kasko da sinadari, mu yi ta zuga. A shekarata ta farko na tsaya ina kallo. Toka ce baƙa, irin wadda kowace mace ke zubarwa a bola. Can ƙasan kaskon wani abu ya fara taruwa yana juyawa kamar ido. Da ya huce Usta ya ɗora mini a tafin hannu. Girmansa bai wuce ƙwallon dabino ba, amma sai da hannuna ya sauka. Na ga abubuwa da yawa a Jidda. Ban ga wanda ya kai wannan ba. Wuta tana cinye komai, amma ba ta cin zinariya. Ka daka ta, ka watsa ta a ƙasa, ka taka ta shekara guda, tana nan tana jiranka.

Shekara uku ina shara da zuga kafin a bar ni in taɓa awartaki. Kayan aikin ba su da yawa. Kasko. Guduma uku, ƙaramar ba ta kai cokali ba. Zarto mai haƙora kamar gashi. Magagari. Ƙarfe mai ramuka manya da ƙanana, da shi ake jan waya, kana bi rami bayan rami har ta zama kamar zare. Baƙin dutse na gwaji da kwalbar ruwan wuta: ka goga kayan a dutsen, ka ɗiga ruwan, in layin ya tsaya zinariya ce, in ya ɓace an cuci mai ita. Daga baya aka kawo wutar gas muka rataye zuga-zugi. Liƙi shi ne wuyar aikin. Wuta ta yi kaɗan, bai kama ba. Ta wuce da numfashi ɗaya, aikin sati ya zama ɗigo. Ba agogo, ba lamba. Launi kake kallo. Usta ba ya bayani. In na kusa ƙona abu sai ya taka mini ƙafa.

Masu sayayya kala-kala ne. Alhazan gida suna zuwa bayan Arfa da kuɗi a ƙulle a lalita, su ciji zobe su ce a rage. Wasu su buɗe baki su ce a sa musu haƙorin Makka, in ce ba nan ba ne, gaba. Matan unguwar Ammariyya suna kawo sarƙar kakanninsu a gyara, su zauna a bakin ƙofa ba sa ɗauke ido daga hannunka har ka gama. Suna da gaskiya. Na san maƙeran da farcensu yake da tsawo ba don ado ba.

Abu ɗaya za ku riƙe, don labarin da zan ba ku a kansa ya tsaya. Kuɗin kayan zinariya biyu ne. Akwai kuɗin nauyi, akwai masna'iyya, wato kuɗin hannun maƙeri. In za ka saya, ka biya duka biyun. In za ka sayar, nauyi kawai ake biyanka. Hannu ba ya dawowa. Iyakar kyan aiki iyakar asarar mai sayarwa.

Da Usta ya rasu na koma warshar Abu Majid, mai babban shago a layin zinariya. Shi ya zama kafilina, ya yi mini iƙama, takardar zama. Mu tara ne a bayan shagon. Akwai wata 'yar kafa a bango, ta nan ake miƙo mana aiki, ta nan nake ganin kanta. Ta nan na ga ranar da aka fara amfani da na'urar kati, wadda ake ce wa shabaka. Wani mutum ya zaɓi kayan aure cikakku, ya fi rabin kilo. Ya zaro wani ɗan roba daga aljihu. Aka goga, na'urar ta yi kuka, ta tofo takarda kamar tsawon yatsa. Ya ɗauki kayan ya fita, ba wanda ya bi shi. Na tambayi Abu Majid ina kuɗin. Ya ce suna banki. Na ce na mutumin ne? Ya ce wani katin naka ne, wani kuma bashi ne, banki ya biya ka biya shi daga baya. Na koma kan kujerata na daɗe ban ɗauki guduma ba. Wata biyu muka yi mu uku a kan kayan nan. Roba ta ɗauke su kafin mutum ya gama atishawa.

Mummunar shekara ita ce shekarar da kasuwar hannun jari ta faɗi. Kafin ta faɗi, mata sun yi ta kawo kayansu suna sayarwa, mazansu na zuba kuɗin a can. Da ta faɗi, sauran abin da ya rage ma aka kawo. Ba mai cewa a ƙera, kowa a narka. Ga kayan inji suna shigowa daga waje, marasa nauyi, masu sheƙi, kuɗin hannunsu kaɗan. Mu tara muka koma biyu. Aikina ya zama jakar narki: shagunan layin suna tara abin da suka saya, sau biyu a sati su aiko, in narka in zuba musu sanduna. Na narka aikin mutanen da suka fi ni. Na narka na Usta sau biyu, na gane hannunsa.

Don kada hannuna ya mutu, ina ƙera awarwaro ɗaya-ɗaya tsakanin narki, Abu Majid ya sa a gilashi. Wata ranar Laraba na zazzage jakar Ammu Salim, wani tsoho ɗan Hadramaut wanda shagonsa yake shago huɗu gaba da namu, sai ga awarwarona. Jiya aka saye shi. Zaren farashi ma yana jikinsa. Na juya shi na duba liƙin, ba aibi. Na narka. Watan da ya biyo, ƙarshen wata, ga wani. Na narka, ban ci abincin rana ba.

Na uku shi ne wanda na yi kwana ashirin a kansa. Giram hamsin da biyu. Na zauna na kwaikwayi sassaƙen tagogin katako na tsofaffin gidajen Balad, tsohon garin Jidda, na yi shi da waya, rami cikin rami, in ka ɗaga shi haske yana ratsawa ya zana a tafin hannunka. Ban taɓa yin kamarsa ba, ban kuma sake ba. Kwana shida ya yi a gilashi aka saye shi. Washegari yana cikin jaka, tsakanin karyayyun 'yan kunne.

Na ɗauke shi na tafi wurin Ammu Salim. Na ce ya sayar mini a kuɗin nauyi, in biya daga albashi.

"Kai ka ƙera shi, kai za ka saya?"

"Ni."

"Wata nawa?"

"Bakwai."

Ya rubuta a littafinsa. Na tambaye shi wa ke kawowa. Ya ce shi ba ya ganin fuska, sikeli yake gani. Na naɗe awarwaron a tsumma na sa a ƙasan akwatin kayan aikina. Ba ni da asusu a banki, ban taɓa yi ba. Na ce wannan shi ne kuɗin komawata gida ranar da ido ya gaza.

Ƙarshen watan da ya biyo na zauna a bakin kafar bango. Ranar ashirin da shida ga wata mutumin ya shigo. Na san shi. Usman, ana ce masa Abu Hanan, Bahaushe haifaffen Jidda, ɗan ƙasa, magatakarda a wani kamfanin fiton kaya a tashar jirgin ruwa. Tobinsa, doguwar rigar nan tasu, a goge, turare yana tashi. Ya ce a nuna masa mai kyau, na uwar Hanan ne. Ya zaɓi mafi tsada, aka goga kati, aka sa masa a jan akwati. Na cire rigar aiki na bi shi. Bai ko waiwaya ba. Shago huɗu, ya shiga wurin Ammu Salim, ya fito yana cusa kuɗi a aljihu. Na tare shi a gaban mai shayi.

"Abu Hanan, hannun matarka ƙaya gare shi?"

"Na'am, ya mu'allim?"

"Awarwaro huɗu na yi. Ko ɗaya bai kwana a gidanka ba."

Ya dubi hagu ya dubi dama. Ya ce mu zauna. Ya sayi shayi biyu, bai sha nasa ba.

Hausarsa rabi Larabci ce, amma na gane. Ya sayi gida a unguwar Kurayyat ta hannun banki, hawa biyu, uwarsa a ƙasa, shi da iyali a sama. Duk wata yana biyan ƙisti, wato kason wata. Takardar gidan tana hannun banki sai ya gama. Kamfaninsu ya rufe. Kuɗin sallamar da aka ba shi ya bi hannun jari. Yanzu motarsa yake ja, yana kai fasinja Makka yana dawowa. Yana kuma da katin bashi na wani bankin, tun lokacin albashi, shi ma ya cika.

"To ka biya gidan da kuɗin mota mana."

"In na biya gida, kati ya zauna ba biya, su rufe shi su kai ni ƙara. In na biya kati, gida ya zauna. Kuɗin ɗaya ne, ya mu'allim, masu jira biyu."

"Sai ka yi yaya?"

"Duk abin da na samu ina zuba wa kati. Ya ga na biya, ya buɗe mini. Sai in dawo in fitar da kuɗin in kai wa gida."

"Ka goga katin a bankin gidan kai tsaye."

"Mamnu', an hana. Ba sa karɓar kati a ƙisti. Injin cire kuɗi kuma kaɗan yake bayarwa, da tara a kai. Amma zinariya, kati yana saye."

Na juya abin a kaina. Riyal ɗaya, ya shiga ta ƙofar wannan banki, ya zama roba, ya zama awarwaro, ya yi tafiyar shago huɗu, ya koma riyal, ya shiga ƙofar wancan bankin. Kowanne ya rubuta an biya shi. Ni da na ga zinariya ta fito daga toka, wannan ma sai da ya ɗaure mini kai.

"Saura nawa?"

"Sittin da ɗaya."

"Kwana?"

"Wata."

"Katin nan zai cinye ka."

"Na sani. Amma a hankali yake ci. Gida kuwa rana ɗaya ake ɗauka. Uwata ta yi shekara arba'in tana haya a Ammariyya, ɗaki ɗaya. Ranar da muka tare ta sumbaci bango. Ba zan mayar da ita ba."

"To me ya sa kake zaɓar mai tsada?"

Ya sunkuyar da kai. "Abu Majid ya san babana. In na ce a ba ni mafi arha duk wata, zai gane."

"Kunyarka tana cin kashi ɗaya cikin biyar. Kuɗin hannuna kake biya, Ammu Salim ba ya mayar maka. Duk wata biyar kana zubar da ƙisti guda a titin nan."

Bai taɓa lissafawa ba. Mutum ne da ya yi shekara ashirin yana rubuta lambobi. Na ce ya dawo ashirin da shida ga wata mai zuwa, kada ya zaɓi komai, ya ce a ba shi na Garba.

Awarwaron da na ƙera masa shi ne mafi muni a rayuwata. Sanda na zuba, na ja ta, na lanƙwasa, na buga hatimin karat ashirin da ɗaya. Ba zane, ba liƙi, bakinsa a buɗe. Ko akuya ba za a sa wa ba. Giram arba'in da takwas, daidai ƙisti ɗaya a farashin ranar. Rabin sa'a ya ɗauke ni. Na kai wa Abu Majid.

"Wannan mene ne?"

"Awarwaro."

"Wa zai saya?"

"Abu Hanan. Duk wata. Kada ka sa kuɗin hannu, ban yi aikin hannu ba. Ka ɗauki abin da shabaka ke cire maka, halas."

Ya ajiye awarwaron. Ya ce, "Ɗan Ammu Haruna?" Na ce shi. Ya ce ya yi zaton mutumin son matarsa ne ya yi masa yawa. Sannan ya ce shi ba ya sayen abin da ya sayar a ranar, malamai sun hana. Na ce ba shi zai saya ba, Ammu Salim ne. Abin da Ammu Salim ya tara kuwa dama yakan sayar wa layin. Ko malamai za su yarda da wannan zagayen, ban sani ba, ni ba malami ba ne. Na je wa Ammu Salim. Ya saurara yana jan carbi. Ya ce ribarsa riyal ɗaya a giram, kuma shi har yanzu ba ya ganin fuska.

Haka muka fara. Ashirin da shida ga wata, bayan azahar, Usman zai shigo da tobinsa a goge.

"A ba ni na Garba."

Abu Majid zai sa shi a jan akwati kamar kayan amarya, ya ce, "Mabruk ga uwar Hanan." Usman ya ce, "Allah ya yi albarka." Ba wanda ya taɓa yin dariya. Shago huɗu. Bayan kwana biyu Abu Majid ya saye shi a wurin Ammu Salim, awarwaron ya dawo ta kafar bango.

Sai zinariya ta fara hawa. Ƙisti bai canza ba, farashi ne ya canza. Da safen ashirin da shida nakan tambayi farashi, in ɗora awarwaron a sikeli, in yanke abin da ya yi yawa, in mayar wa Abu Majid. Wani watan kamar ƙwayar gero, wani watan kamar wake. Da ya gajarce har ba zai zagaye hannu ba, na mayar da shi ƙarfe mai ramuka na ja shi ya ƙara tsawo. Sau biyu ko uku farashi ya sauka na ƙara masa. Ban da wannan, yankewa ce kawai. Arba'in. Talatin da uku. Ashirin da bakwai. Gidan yana nan yadda yake, hawa biyu, bulo bai ragu ba, amma abin da ke biyansa yana ta ramewa a hannuna. Na tambayi Abu Majid wa ke sa farashin nan. Ya ce mutane ne a wasu ƙasashe da ba su taɓa riƙe kasko ba. Har yau ban gane ba.

Usman ma yana ramewa. Gemunsa ya yi fari. Ya daina sa turare. Shekarar da ruwa ya ci Jidda motarsa ta nutse a ƙarƙashin gada, da kyar ya fita ta taga. Na ce wannan watan ba zai zo ba. Ya zo, a ƙafa, laka har gwiwa, tobin dai a goge daga sama. Ya karɓi motar wani yana ja, rabi nasa rabi na mai ita. Duk wata ribar kati tana ƙaruwa, abin da yake buɗe masa yana raguwa, yana cikawa da abin da ya hana cikinsa. Wata hamsin da takwas. Bai tsallake ɗaya ba, bai makara da yini ɗaya ba. Na yi aiki da ƙarfe iri-iri. Ban ga wanda aka ja ta rami bayan rami haka bai tsinke ba.

Ranar da abin ya tsaya, awarwaron yana giram goma sha bakwai, siriri kamar igiyar takalmi. Saura ƙisti uku. Abu Majid ya goga katin. Na'urar ta yi ɗan kuka ta tofo gajeriyar takarda. Na san tsawon takardar da ta yarda, wannan ba ita ba ce. Ya goge katin a hannun riga ya sake. Haka. Ya sake na uku.

"Marfud, ya Abu Hanan. An ƙi katin."

"Na zuba jiya. Wallahi na zuba."

Ya fita ya buga waya ya dawo. Sun karɓi abin da ya zuba, sun rufe katin gaba ɗaya. Ba zai sake buɗewa ba. Gobe ashirin da bakwai, ranar biyan ƙisti. Bankin gida ya riga ya rubuto masa tun da ya rasa albashi cewa ba shi da sauran uzuri, in ya tsallake za su bi hakkinsu a kan gidan. Ya tsaya a gaban gilashi, hannunsa a kan jan akwatin. Abu Majid ya ce zai iya ba shi rabin ƙisti ɗaya, kasuwa ba ta da kyau. Gaskiya ya faɗa. Usman ya ce ya gode. Bai motsa ba.

Na buɗe akwatin kayan aiki na ɗaga guduma na zaro tsumman. Na fito kanta, abin da ban saba yi ba. Na warware na ɗora a sikeli. Hamsin da biyu.

Usman ya gane shi. "Wannan ai..."

"Shi ne. Sha bakwai sau uku, hamsin da ɗaya. Saura giram ɗaya, ka sayi man mota."

"La, ya mu'allim. La. Wannan na tsufanka ne, Ammu Salim ya gaya mini."

"Ashe yana ganin fuska."

"Ba zan iya ba."

"Ba kyauta ba ce. Bashi ne irin namu na maƙera. Giram na ba ka, giram za ka mayar. Ba riyal ba. Ta hau, ta sauka, hamsin da biyu."

"In ta ninka fa?"

"Ka sha wuya."

Abu Majid ya yi dariya, shi kaɗai. Ya ɗauko jan akwatin ya sa shi a ciki. Wannan karon bai ce mabruk ba. Na ce, "Yalla, kafin a rufe don salla." Usman ya ɗauka da hannu biyu ya fita. Shago huɗu. Washegari ya biya ukun gaba ɗaya.

Ammu Salim ya yi ƙoƙari. Ya sa awarwaron a gilashinsa wata biyu. Mata suna ɗagawa su ce masha Allah, su ji nauyi su ajiye, su sayi na inji. Kuɗinsa ba zai kwanta ba, ɗan kasuwa ne. Wata Laraba na zazzage jaka, ga shi. Na ɗaga shi sau ɗaya wajen fitila, zanen ya sauka a tafin hannuna. Na sa shi a kasko. Wayoyin suka fara lanƙwashewa, ramukan suka rufe ɗaya bayan ɗaya, ya taru ya zama idon nan mai juyawa. Minti huɗu. Na zuba sanda na auna. Hamsin da biyu, ba abin da ya ɓata.

Usman yana biya. Giram biyu, giram ɗaya da rabi, a ƙulle a takarda, duk lokacin da ya samu, ga bashin kati yana fama da shi a gefe. Na ajiye guduma a shekarar da ta biyo, ido ya gaza. Ya mayar da talatin da takwas zuwa yanzu. Ban taɓa tambayarsa sauran ba, bai taɓa mantawa ba.

Wata Juma'a bayan an sakar masa takardar gida ya zo ya ɗauke ni zuwa Kurayyat. Ban taɓa ganin gidan ba sai ranar. Koriyar ƙofa, fenti ya fara ɓarewa, tankin ruwa a sama. Muka ci shinkafa da kifi. Tsohuwar tana zaune a kan darduma a ɗakin ƙasa, ba ta san komai ba, ba wanda ya gaya mata. Ta tambaye ni sana'ata. Na ce maƙerin zinariya.

"Kai ne kake sayar wa ɗana awarwaro? Hanan ta ga fatura, takardar sayayya, a mota. To ina suke? Ni ban ga ko ɗaya a hannun matarsa ba."

Usman ya tsaya da loma a hannu.

Na ce, "Suna nan, Hajiya. Kina zaune a kansu."

Ta dubi dardumar, ta ce wa ɗanta baƙonsa ya tsufa.

Bayan cin abinci ya kawo takardar a cikin leda ya miƙo mini. Ba na karatu. Na ɗora ta a tafin hannu yadda na saba. Ba ta kai giram biyar ba.

Kuna tambayata wane aiki ne mafi kyau da na taɓa yi, kuna so in nuna muku hoto. Ba ni da hoto. Ku hau motar Kurayyat, ku sauka bayan masallaci na biyu, ku nemi koriyar ƙofa. Hawa biyu ne. Akwai shanya a sama.